Kun gama littafin nan kuwa? Ni dai ƙarshensa ya tsaya mini a rai

Maman Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tunda Anti Bilki ta ce yau ne za a buɗe tattaunawa, bari in fara. Wanda bai kai ƙarshe ba ya dakata da karanta saƙon nan, don zan fasa ƙwai.

Ni ban ji daɗin yadda littafin nan ya ƙare ba, kuma ba zan ɓoye ba. Mun bi Sagir tun yana ɗan shekara goma sha ɗaya, ranar da ubansa ya miƙa wa uwarsa takarda ta koma gidansu a Ɗorayi da goyo a baya. Mun ga amarya tana kulle sito ta ɗaure mukulli a bakin zani. Mun ga yaro ya koma kwana a shago, ya fara da sholisho, ya koma ƙwaya, ya faɗa daba. Duk na daure ina cewa akwai ranar ƙin dillanci. Sai aka wayi gari da gawar Alhaji a soro, aka kama Sagir, alhali mu masu karatu mun san ƙanwarsa Ummi ce ta yi. Ɗan sandan da ke bincike ya gano gaskiya, ya karɓi kuɗin amarya ya ja bakinsa ya yi shiru. Aka rufe littafi Sagir yana gidan yarin Kurmawa yana jiran shari'a, Ummi ana yi mata lalle, amarya tana cinikin gidan da dillalai. Babu wanda ya tuba, babu wanda asirinsa ya tonu. To ina sakayya? Me aka koya mana?

Ummu Hanan:
Kin riga ni a baki. Ni wurin kisan ne ya hana ni barci. Sai da marubuciyar ta kwatanta mana yadda jini ya bi ƙarƙashin tabarma har ya taɓa takalman da ke bakin ƙofa. Da ta ce an kashe shi ai mun gane. Kuma ku tuna ba mu kaɗai ke karantawa ba. Ƙanwata tana aji biyar na sakandare, da wayar mamanmu take karatu. Ana tura ɗari biyar a saka mutum a guruf, babu mai tambayar shekarunsa.

Abban Sadiq:
Nawa ƙorafin daban ne. A duk littafin babu namiji ɗaya na kirki. Uba azzalumi, kawu maci amana, ɗan sanda maci hanci, mai unguwa matsoraci. Haba! A Kanon nan akwai iyaye maza da suke tsayuwa a Kantin Kwari tun safe har la'asar don 'ya'yansu su ci su yi karatu. Su ba su cancanci ko shafi ɗaya ba?

Anti Bilki:
Madalla da farawa. Tunatarwa kawai: littafi muke tattaunawa, ban da zagin marubuciya, ban da ambaton gidan wani da suna.

Sista Hadiza:
Ummu Hanan, ki yi haƙuri 'yar uwa, ni jinin bai ɗaga mini hankali ba, wataƙila don aikina ne. Ma'aikaciyar jinya ce ni, na daɗe a ɓangaren agajin gaggawa. Abin da ta rubuta bai kai abin da ake shigo mana da shi a adaidaita sahu ba, musamman a daren sallah ko lokacin kamfen.

Abin da ya sa na ajiye wayar na yi shiru shi ne babin da aka kai Sagir asibiti da sara a kafaɗa. Ana ɗinke shi aka ce ya ba da lambar wanda za a kira, sai ya ba da ta abokinsa. Aka ce ta babanka muke so, ya ce ba shi da ita. Wallahi haka suke yi. Yaro yana zubar da jini, leɓensa ya bushe, ka ce wa za a kira, sai ya kalli silin ya ce a kira Oga wane. Wani ma roƙonka zai yi kada a gaya wa gida, kuma idan ka dubi idonsa za ka gane ba tsoron duka yake ba, ya san ko an kira babu mai zuwa. Wadda ta rubuta wannan wurin ta taɓa tsayawa a bakin gadon irin yaran nan, ko ta zauna da wanda ya tsaya.

Inda na saɓa da ita wuri ɗaya ne: babin da ta jero sunayen ƙwayoyi da yadda ake haɗa su a lemo. Wannan bai ƙara wa labari komai ba. Nuna mini yaro yana layi yana zagin uwar da ya fi so a duniya, na gane illar. Ma'aunin haɗin ba na buƙatarsa, kuma akwai mai buƙatarsa a cikin masu karatu.

Ɗan Fagge:
Sista ta gama magana. Ni tela ne, a cikin irin shagon nan na tashi, Allah ne ya kiyaye ni da wani yayan mahaifiyata da ya ja ni kan keke. Mata da yawa ba su san me ake nufi da yaro ya koma kwana a shago ba. Ɗaki ne a ƙofar gida, ƙofarsa tana kallon titi, ba ta cikin gida ake shiga ba. Uba ya rufe gidansa ƙarfe goma ya kwanta, bai san mutum nawa suka kwana a ciki ba, bai san me aka shigo da shi ba. Yaro ɗan sha biyu yana kwana da ɗan ashirin da biyar. A nan ake koyon komai.

Da gwamnati ta hana maganin tarin nan mai kodin a 2018 mutane sun ɗauka magana ta ƙare. Yara suka koma wasu abubuwan. Ba kwalbar ce matsalar ba, abin da ya fitar da yaro daga cikin gida ne. Littafin nan shi ne na farko da na karanta da ya fara daga cikin gidan, bai fara daga wuƙa ba.

Malam Nura:
Assalamu alaikum. Akwai abubuwa biyu na shari'a da marubuciyar ta gina labarinta a kansu ba tare da ta yi wa'azi ba, ina ganin wasu sun wuce su.

Na farko, dalilin da ya sa amarya ta biya a bar laifin a kan Sagir. Wanda ya kashe mutum da gangan ba ya gadonsa. Sagir namiji ne, rabonsa ninki biyu ne na mace. Idan aka tabbatar masa da kisa ya fita daga gado, kason 'ya'yanta ya ƙaru. Da Ummi aka kama, ribar ba ta kai haka ba. Kun ga ba ƙiyayya kaɗai ba ce, lissafi ne.

Na biyu ya fi mini ciwo. A mazhabar Malikiyya da muke bi, idan aure ya mutu uwa ce ke da haƙƙin riƙon 'ya'ya, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan mijinta, matuƙar uwar ba ta yi wani auren ba. In ta yi, riƙo ya koma wajen kakarsu ta wajen uwa. Uba kuma ciyarwa da tufatarwa suna kansa. Yana nan a Risala, ɗaliban islamiyya suna karantawa. Amma a aikace mun mayar da shi "bar mini 'ya'yana ki tafi". Da an bi abin da ke cikin littattafanmu, Sagir ba zai ga sito a kulle ba.

Game da duhun labari kuwa, Alƙur'ani ya ba mu labarin 'ya'yan Annabi Adamu biyu, ɗaya ya kashe ɗan uwansa, a Suratul Ma'ida. Ya ba mu labarin 'yan uwan Annabi Yusuf da suka jefa shi rijiya suka zo wa mahaifinsu da riga mai jinin ƙarya. Ambaton mugunta ba laifi ba ne. Sai dai a can an nuna mana nadama da ƙarshen al'amari. Don haka ina fahimtar Maman Khalifa. Ni sharaɗina ɗaya: kada a ƙawata ɓarna har mai karatu ya yi sha'awarta. A nan ban ga an ƙawata ba. Babu wanda zai gama littafin ya ce ina ma ni ne Sagir.

Maman Khalifa:
Malam, Allah ya ƙara ilimi. Amma Ummi fa? Ta kashe ubanta, an kai ta ɗaki da guɗa. Yarinyar da ke cikin irin halinta ta karanta, me za ta ɗauka?

Hajiya Yalwa:
'Ya'yana, bari tsohuwa ta sa baki. Ni tun ana ba da hayar littafi a unguwa nake karatu, ka karɓa yau ka mayar gobe, bango duk ya sha hannu. Wannan muhawarar ba sabuwa ba ce. A 2007, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, an tara littattafan Hausa an cinna musu wuta da sunan gyaran tarbiyya. Sakin aure bai ragu ba don an ƙona takarda.

Kuma masu cewa kisan uba a labarin Hausa baƙon abu ne, ku nemi Jiki Magayi, wanda aka buga a Zariya tun shekarun 1930. A ciki ɗa ne ya lalace ya zama ɓarawo har ya kashe mahaifinsa, saboda gabar da aka ƙulla a kan aure tun kafin a haife shi. A makaranta aka karantar da mu shi. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu kuma ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, a kan magidancin da ya kori matarsa da 'ya'ya tara. Ita ma an ce ta tona asirin maza.

Bambancin da na gani, kuma shi ne ya dami Maman Khalifa, a waɗancan alhaki yana bin mai shi har gida mu gani da idonmu, mu rufe littafi zuciya ta yi sanyi. Yaran yanzu sun daina yi mana wannan alƙawarin. Ban ce sun yi daidai ba. Amma na ga gidajen da aka ci amanar marayu, masu cin suna nan suna zuwa Umara duk azumi. Mai yiwuwa abin da yaran suka tashi suna gani ke nan.

Barista Aisha:
Ta fuskar aikina, ƙarshen littafin shi ne wurin da ya fi kowane gaskiya. Kusan biyu bisa uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a Nijeriya ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke. Laifin kisa kotun majistare ba ta da hurumin yanke shi. Za ta tura mutum ajiya ne, a jira shawarar ma'aikatar shari'a, sannan a shigar da ƙara a babbar kotu. Idan babu mai bin fayil ɗin, sai ya kwanta. Yaron da uwarsa ba ta da kuɗin mota daga Ɗorayi zuwa kotu, wa zai bi masa? Ku je Kurmawa ko Goron Dutse ranar ziyara ku ga waɗanda ba a taɓa kiran sunansu ba. Da marubuciyar ta kawo wani lauya mai tausayi a shafin ƙarshe ya fitar da Sagir, da na ji daɗi, amma da ban yarda ba.

Maman 'Yan Biyu:
Tun ɗazu nake karantawa ina danne zuciyata. Kowa ya kama sito da mukulli, sito da mukulli. Ni matar uba ce, 'ya'yan mijina huɗu na tarar, har yau suna hannuna. Kuma ina kulle sito.

Ku tambaye ni dalili. Maigida ya auno shinkafa da taliya farkon wata ya ce sai wani watan. Idan na bar ƙofa a buɗe, babban ya ɗiba ya kai shago su dafa da abokai, ranar ashirin ga wata tukunya ta ƙi hawa wuta, ni za a kalla. Da rana ina raba abinci a kwanuka, ina auna nama da ido don kada a ce na fifita nawa, har nakan rage wa nawa don gudun magana. Duk da haka in yaro ya rame a unguwa a ce matar uba. In ya yi sata a ce matar uba. Uban da ya fita tun asuba bai san ajin da ɗansa yake ba, shi ba a ambatonsa.

Ban ce babu azzalumai a cikinmu ba, akwai su, na san wasu. Amma marubuciyar ta shiga zuciyar Sagir, ta shiga ta Ummi, har ta ɗan sandan ta shiga ta nuna mana kuɗin hayar da ake binsa da matarsa mai ciwon ƙoda. Amarya kaɗai ta bari a waje. Ba mu san gidan da ta fito ba, ba mu san ko son auren take ba. Yarinya 'yar sha tara aka kawo wa 'ya'yan da suke ganin ita ta kori uwarsu. Wannan ma labari ne, kuma an hana mu shi.

Sista Hadiza:
Wannan gaskiya ne, Maman 'Yan Biyu. Allah ya saka miki da alheri a kan riƙon da kike yi.

Abban Sadiq:
To kun ji. Kowa da inda aka taka shi. Ita an mayar da ita mayya, mu an mayar da mu azzalumai.

Ɗan Fagge:
Yallaɓai, ba ɗaya ba ne. Alhaji ba a mayar da shi dodo ba. Ka tuna wurin da ya tsaya a ƙofar shago da daddare, ya ji tarin ɗansa a ciki, ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa, ya fasa ya shige gida? Mutum ne da kasuwa ta karye masa, ya ƙara aure don kada a ce ya karye, kunya ta hana shi kallon 'ya'yansa. Irinsa suna da yawa a layinmu. Sarki Sanusi ya yi maganar nan a 2017, cewa a yi dokar da za ta hana wanda ba shi da hali tara mata da 'ya'yan da ba zai iya riƙewa ba, aka yi masa ca. Iyayen kirki suna nan, babu musu, amma ba a gidansu ake tsintar gawa a soro ba. Labarin gidan da ya rushe aka ba mu.

Abban Sadiq:
Na ji, amma ko maƙwabci ɗaya mai tsoron Allah ai sai a saka. Unguwa guda babu wanda ya kira yaron ya ba shi tuwo? Ni a Kanon da na sani ba a rasa wannan.

Fa'iza Marubuciya:
Bari in faɗi yadda abin yake daga ɓangarenmu. Mai rubutu a intanet kullum tana sakin shafi, kullum tana ganin martani. Ranar da aka yi hira mai ma'ana tsakanin uwa da 'ya, sharhi kaɗan ne. Ranar da aka yanka wani ko aka yi fyaɗe, waya har zafi take yi, sababbin masu biya su shigo. Duk wadda ta ce wannan ba ya jan alƙalaminta ba ta faɗi gaskiya ba. Shi ya sa ake samun littattafan da babu komai a ciki sai jini da batsa, an fake da "faɗakarwa". Ina tare da Ummu Hanan a kan waɗannan ɗari bisa ɗari.

Amma hanawa ba ta rarrabe mai kyau da marar kyau. A 2021 Hukumar Tace Fina-finai ta Kano ta hana fina-finan da ke nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya. Dalilinsu kada a koya wa matasa. To ƙwacen waya a titi ake koyonsa. Abin da aka rasa shi ne fim ɗin da zai tambayi daga wane gida mai ƙwacen ya fito. Marubuta a waya su ne suka ɗauki tambayar, don su hannun hukuma bai cika kai musu ba. Irin wannan rubutun a Amurka ma ya yi ƙarfi ne bayan karyewar tattalin arziki ta 1929, lokacin da mutane suka daina yarda cewa mai gaskiya ne ke cin nasara. Mu ma yanzu kowa ya san kuɗin kwanon masara.

Ma'aunina shi ne: bayan an kashe mutum a labari, akwai wanda ya yi kukansa? A nan Ummi ce ta wanke tabarmar da hannunta, kuma har aka kai ta ɗaki ba ta ƙara cin abinci mai manja ba. Maman Khalifa, kin ce ba a hukunta ta ba. Ni ina ganin an yi.

Zahra'u:
Ban taɓa magana a guruf ɗin nan ba, karatu kawai nake. Ina da shekara tara aka saki mahaifiyata, mu uku aka bar mu a gidan. Ba a kashe kowa ba, alhamdu lillahi, amma yayana har yau ba shi da cikakkiyar lafiya saboda abin da ya sha, wani lokacin ba ya gane ni.

Na tashi ina karanta littattafan da a ƙarshe uba yake zuwa da hawaye ya nemi gafara, a mayar da uwa ɗakinta, kishiya ta haukace. Duk sanda na gama sai in ji kamar gidanmu ne kaɗai Allah bai gyara ba, ko akwai laifin da muka yi. Babanmu ya rasu bai nemi gafarar kowa ba. Mamanmu tana aure a wani gari. Wannan ne littafin farko da bai yi mini alƙawarin abin da ba zai zo ba. Na yi kuka sosai, amma ban ji ni kaɗai ba ce. Don Allah masu cewa a daina irin wannan rubutun ku tuna da mu.

Hajiya Yalwa:
Allah ya ba yayanki lafiya, 'yata. Allah ya jiƙan mahaifinku ya yafe masa. Ki riƙa zuwa wajen mahaifiyarki ko da waya ce.

Maman Khalifa:
Zahra'u, Allah ya shafa miki a zuciya, ƙanwata. Maganarki ta shige ni. Har yanzu dai ina nan a kan cewa Sagir bai kamata a bar shi haka ba, ko da mutum ɗaya ne ya san gaskiya ya je ya dube shi ranar ziyara. Ba sakin sa nake nema ba yanzu. A je dai a gan shi.

Ummu Hanan:
Ni roƙona ga marubuta bai wuce a rubuta a shafin farko cewa akwai kisa da shaye-shaye a ciki ba, kuma ba na yara ba ne. Mai so ya shiga da saninsa. Anti Fa'iza ki kai mana wannan saƙon wajen 'yan uwanki.

Anti Bilki:
Na yi magana da marubuciyar, ta amince za ta shigo ranar Asabar bayan sallar isha'i ta amsa tambayoyi. Kowa ya ajiye tasa a nan, zan tattara. Na riga na rubuta ta Sista a kan babin ƙwayoyi, da ta Maman 'Yan Biyu a kan amarya, da ta Abban Sadiq a kan maƙwabta.

Malam Nura:
Anti, a ƙara da tawa. Tun daga babin da uwar ta zo ƙofar gida da ƙullin ƙuli-ƙuli aka hana ta shiga, ba mu sake jin ɗuriyarta ba, ko ranar da aka kama ɗanta, ko ranar bikin 'yarta. A tambaye ta da gangan ta yi hakan, ko akwai kashi na biyu da za mu ji inda matar nan ta shiga.